Watanni 36 sun ɓace a lissafin fanshona na CNPS: ina mafita?

Direba daga Garwa:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Shekaruna 46, kuma na yi shekara 11 ina tuƙa babbar mota a wani kamfani mai zaman kansa, inda a shekarun ƙarshe kowane wata ake cire mini sefa 4,200 daga albashin 100,000 da sunan CNPS, wato asusun fanshon ma'aikata na Kamaru. Yanzu na bar aikin, ina sayar da kayan gyaran babur. Da na je na karɓi takardar lissafin watannin da aka zuba mini, sai na tarar da wata 96 kawai maimakon 132, wato shekara uku cur ana yankar albashina amma kuɗin ba su isa asusun ba. Takardun albashina suna nan cikin leda a ƙasan akwati, ban da na shekara guda da ruwan damina ya lalata. Shin zan iya janye abin da na tara in ƙara jari, ko kuwa akwai hanyar ci gaba da zubi?

Tsohon akawu, Marwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Da farko, CNPS ba adashi ba ce da mutum zai kwashe lokacin da ya ga dama. Watanni ake ƙirga maka, sai ka cika shekara 60 a duba su. Kafin a ba ka fanshon wata-wata ana bukatar shekara 20 da yin rajista da kuma wata 180 na zubi. Wanda bai cika ba, kuɗi ake ba shi dunƙule sau ɗaya, shi ke nan, kuma na ga yadda irin waɗannan kuɗin suke ƙarewa kafin shekara ta zagayo.

Game da watannin da suka ɓace, nauyin kai kuɗin yana kan mai kamfani ne, domin kashi 4.2 cikin ɗari da yake cirewa a albashinka da wani kashi 4.2 daga aljihunsa ya kamata ya haɗa ya kai. Ka yi kwafin takardun albashin, ka riƙe na asali a hannunka, ka rubuta ƙorafi ga ofishin CNPS na Garwa tare da lambar rajistarka, ka tabbata an buga hatimi a kwafin da za ka koma da shi gida. Idan kamfanin ya ƙi ba ka takardar shaidar aiki, ka je wurin sufeton ƙwadago.

Mai ɗinki, Kusuri:
Yaya, tun 2014 aka buɗe zubin sa-kai domin irinmu masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa. Kai za ka faɗi abin da kake samu a wata, ka biya kashi 8.4 ɗin gaba ɗaya. Ni na rubuta 50,000, ina biyan 4,200.

Malamin makaranta, Gaundare:
Baba akawu ya yi bayani mai kyau, sai dai akwai sharaɗin da ya rage, kuma shi ya fi shafar ɗan'uwanmu. A cikin wata 180 ɗin nan, dole 60 su faɗo a shekara goma na ƙarshe kafin ritaya. Ke nan ko an dawo maka da wata 36, ka zuba 48 daga yau ka tsaya kana da shekara 50, lissafi ya cika a takarda amma sharaɗin bai cika ba, sai ka zuba aƙalla shekara biyar tsakanin 50 da 60.

Sannan ka yi hattara da adadin da za ka rubuta, saboda fansho kashi 30 ne na matsakaicin abin da ka samu a shekarun ƙarshe na zubinka, ana ƙara kashi ɗaya a kan kowane wata 12 da ya haura 180. Idan ka rubuta 50,000 a ƙarshen zubinka, a kansa za a yi maka lissafi, ba a kan 100,000 na lokacin tuƙi ba.

Direba daga Garwa:
Allah Ya saka muku da alheri. Ranar Litinin zan kai takardun, kuma zan nemi fom ɗin zubin sa-kai a lokaci guda.