Me ya sa stupa ba ta da ƙofar shiga?

Ɗalibin Tarihi:
Assalamu alaikum malamai. A hotunan babbar stupa ta Sanchi da ke Indiya, ƙofofi huɗu ne a jikin shingen da ya kewaye ta, amma ginin kansa babu ta inda za a shiga. To a ina mabiya Buddha suke ibadarsu? Kuma ina bambancinta da ɗakin bautar Hindu?

Magini:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ai ba ɗaki ba ce, cikinta a cike yake tam. Asalinta tudun kabari ne, ana gina ta a kan ragowar ƙashi ko tokar Buddha ko ta manyan almajiransa. Ta Sanchi, Sarki Ashoka ne ya fara gina ta da bulo a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daga baya aka lulluɓe ta da dutse har faɗinta ya kai wajen mita 36, tsayinta mita 16. Siffarta kamar ƙwarya a kife. A can ƙololuwa akwai ɗan shinge mai kusurwa huɗu, harmika, da sanda ɗauke da laima uku, waɗanda ake fassarawa da Buddha, koyarwarsa da jama'ar almajiransa.

Ibadar kewayawa ce, stupar tana hannun dama. Hanya biyu ce: ɗaya a ƙasa cikin shinge, ɗaya a kan dandamali da ake hawa ta matakalar kudu. Ka duba sassaƙar ƙofofin da kyau, ba za ka ga Buddha a surar mutum ba. Sawun ƙafa, bishiya ko kujerar da babu kowa a kai ne suke nuna shi.

Malama Mai Zane:
Na Hindu kuwa gida ne na abin bautarsu, shi ya sa ake shiga. Amma kada ka zaci zaure ne mai ɗaukar jama'a sahu-sahu. Zuciyar ginin ɗan ƙaramin ɗaki ne mai duhu, garbhagriha, ƙofarsa ɗaya, galibi tana kallon gabas, kuma malamin bauta ne ke shiga. Sauran mutane a rumfar gaba mai ginshiƙai, mandapa, suke tsayawa su hango gunkin. Kafin a sa harsashi ana zana filin gida-gida, 64 ko 81, ɗakin ya hau kan na tsakiya. Hasumiyar dole ta zauna daidai saman ɗakin, domin tana wakiltar dutsen da suka yi imani shi ne mazaunin allolinsu. A arewacin Indiya gefenta lanƙwasasshe ne, a kudu kuwa hawa-hawa take, kamar ta ɗakin bautar garin Thanjavur da aka kammala a 1010, mai tsayin fiye da mita 60.

Injiniya:
Ƙari kaɗan, Malama. Ƙanƙantar ɗakin har da dalilin gini. Ba sa yin baka irin ta Romawa; kowane layin dutse ne ake turowa ciki kaɗan har ɓangarori biyu su haɗe a sama. Wannan ba ya rufe wuri mai faɗi, kuma da zarar harsashi ya motsa ko saiwar bishiya ta kutsa, rufin sai ya rufta. Haka ya faru da gine-gine da dama a Angkor, tsohon birni a ƙasar Kambodiya.

Babbar matsalar kuwa ruwa ne. Borobudur ta Indonesiya, wurin bautar mabiya Buddha na ƙarni na 9, a kan tudun ƙasa aka jera duwatsunta ba tare da turmi ba. Ruwan sama ya riƙa shiga ta tsakaninsu yana jiƙa ƙasar, bangaye suka karkata, gansakuka ta ci zane-zanen. A gyaran 1975 zuwa 1982 sai da aka sauke duwatsu fiye da miliyan ɗaya, aka wanke su, aka zuba kankare da magudanan ruwa a ƙarƙashi, sannan aka mayar da su mazauninsu. A 2010 tokar dutsen Merapi mai aman wuta ta toshe magudanan, dole aka sake ɗaga duwatsun daɓe aka yashe su.