Shawarwarin da aka tara kan kwatabak ɗan benci a NFL

A muhawarar da aka yi kan yadda kwatabak (mai jefa ƙwallo da jagorantar hari) ɗan benci zai yi amfani da damarsa a NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka da ake jefawa da hannu, abin da kusan kowa ya yarda da shi shi ne, ya riƙa shiri kullum kamar gobe shi zai fara wasa, ya haddace tsarin koci tsaf, don damar yawanci rauni ne ke kawo ta ba sanarwa. Tom Brady ai haka ya samu a kulob ɗin Patriots a 2001 da Drew Bledsoe, wanda ke fara wasa, ya ji ciwo, shi ma Nick Foles ya gaji Carson Wentz a Disamban 2017 har ya ci wa kulob ɗinsu Eagles Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin NFL.

In ka shiga kuma kar ka ce sai ka nuna bajinta, ka riƙa gajerun jifa, ka kiyaye ƙwallo kar a ƙwace, haka Brock Purdy ya riƙe kulob ɗin 49ers a 2022 alhali shi ne na ƙarshe da aka ɗauka a draft ɗin shekarar, wato zaɓen sababbin 'yan wasa da kulob-kulob ke yi.

Wasu suka ja kunnen kulob-kulob kar wasa ɗaya ya ruɗe su, wallahi nan na fi yarda, Matt Flynn yana ɗan benci ya jefa tacdawun (kai ƙwallo ƙarshen fili don cin maki) 6 a wasa guda, kulob ɗin Seattle ya ɗauke shi a 2012, sabon shiga Russell Wilson ya zo ya karɓe gurbin.