Ina neman Hausar "communication for development" kafin gobe da safe

Mai Fassara: Salamu alaikum malamai. Aiki ya sha mini kai. An ba ni takarda mai shafi tara kan manufofin hukumomin tallafi na duniya in mayar Hausa, gobe ƙarfe goma za a karanta ta a rediyo. Komai ya tafi sumul ban da wannan kalmar ta sama, ga shi kusan kowane shafi sai ta leƙo. Da fari na sa "wayar da kai". Sai na iso inda ake maganar taron Roma na 2006, wanda Bankin Duniya da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suna cikin masu shirya shi, aka ce abin ya ginu ne a kan tattaunawa da sauraron jama'a, kuma ba tallar hukuma ba ne. A nan wayar da kai ta ƙi zama. Ku taimaka.

Ɗan Sauri: Sadarwa don ci gaba. An gama. Hajiya je ki kwanta.

Na Gefe: Ko sadarwar raya ƙasa. Ci gaba ai har mai haƙan rijiya yana yi.

Tsohon Edita: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kunnenki bai yaudare ki ba. Mai cewa zai wayar maka da kai ya riga ya yanke hukunci cewa kanka a duhu yake, fitila kuma tana hannunsa. Shekara da shekaru muna rubuta ta ba mu ji nauyinta ba, kamar yadda na gabanmu suka ce yaƙi da jahilci ga mutanen da da yawansu suna rubutu da ajami.

Amma fa ki lura da shekarar da takardarki take magana a kai. Tunanin farko, na zamanin littattafan masanan Amurka Daniel Lerner a 1958 da Wilbur Schramm a 1964, wayar da kai ne tsantsa: a zuba rediyo da jarida a ƙasashe matalauta, zamani zai biyo baya da kansa. Har ma'auni UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yi, wai kowane mutum 100 su samu aƙalla kwafin jarida 10 da akwatin rediyo 5 da kujerar silima 2. Akwatuna ake ƙirgawa. Ba wanda ya tambayi muryar wa ke fitowa daga ciki. Idan sakin layin yana ba da labarin wancan lokaci, bar wayar da kai a wurinta, ita ce gaskiyar abin.

Malamin Nahawu: Kun yi saurin amincewa da "sadarwa". Aikatau ne ɗan aji biyar, ɗan uwan sayar da fitar da mayar, aikin yana barin mai yi ya nufi wani. Ka sadar da wasiƙa, ka juyo. To ina sauraron? Ciwon da kuka gani a wayar da kai yana nan kwance cikin sadarwa, ya dai sauya riga. Tushen shi ne sadu, kuma Hausa tana da ɗafin da ke nuna aikin juna: so ya ba mu soyayya, ja ya ba mu jayayya, tara ya ba mu tarayya. Saboda haka SADAYYA. Sadayyar raya al'umma. Tun bara nake koya wa ɗalibaina ita.

Ɗan Sauri: Malam, in don juna ne ai akwai saduwa.

Na Gefe: Ka je ka ce "saduwa don ci gaba" a rediyo da hantsi, ka ga irin wayar da za a bugo.

Ɗalibar Jarida: Na Gefe ka ji tsoron Allah, a laburare nake. Amma Malam yana da hujja, kuma ba shi ne farkon mai kama kalma da kokawa a wannan fanni ba. Masanin ilimi Paulo Freire ɗan Brazil ya yi haka a 1969 yana zaune a Chile. Ya ɗauki sunan da ake kiran aikin malaman gona da shi, mai ma'anar miƙawa, ya ce sunan da kansa yana ɗaukar manomi kamar tulun da babu komai ciki, masani ya zo ya cika. Ya ce a koma zance tsakanin mutum da mutum. Nora Quebral kuma ta jami'ar Los Baños a Filifin, tun farkon shekarun 1970 ta kafa fannin da sunansa. Ni dai matsalata da sadayya ɗaya ce: da na karanta, sadaka ce ta fara zuwa mini.

Malamin Nahawu: Rashin sabo ne, 'yata. Jirgin sama ma ranar farko baƙo ne.

Mai Kishin Harshe: Ni abin da ke ci mini rai daban ne. Kullum sai an dafa a ofisoshin New York da Janeba, mu kuma a miƙo mana mu nemo masa suna cikin dare. Su waye suka ce muna buƙatar kalmar? Muna da shawara, muna da tuntuɓa, muna da jin ta bakin jama'a. Kuma in aro ya zama dole, me ya hana mu koma Larabci kamar yadda muka samo siyasa da hukuma da jarida? Tanmiya, wato ci gaba, tana nan.

Tsohon Edita: Kukanka tsoho ne, ɗan'uwa, har gaban UNESCO ya je. Ƙasashe masu tasowa sun koka cewa kamfanonin dillancin labarai huɗu, Reuters da AFP da AP da UPI, su ke riƙe da akasarin labaran duniya. Kwamitin da UNESCO ta kafa ƙarƙashin Seán MacBride don duba lamarin ya fitar da rahotonsa a 1980, rigimar ta yi zafi, tana cikin dalilan da Amurka ta fice daga hukumar a 1984, Ingila ta bi ta a 1985. Amma tanmiya? Wa zai gane ta in ba wanda ya yi zaman Larabci ba?

Malamin Nahawu: Wannan "wa zai gane" ita ta kashe mu. 'Yan jarida ku ƙaga kalma cikin minti biyar don labari zai shiga, ta bi duniya, mu da muka ƙare rayuwa kan nahawu ba a ko tuntuɓarmu.

Tsohon Edita: Allah ya ba ka haƙuri, Malam. Kalmomin da kuka ƙirƙira a ɗakunan taro nawa suka fito daga cikin kundi? Babban sakatare da zaman lafiya mai ɗorewa da masu ruwa da tsaki, a bakin makirufo suka yi ƙafa.

Malamin Nahawu: Masu ruwa da tsaki Hausa ce tun kafin a haifi rediyo. Kada ku ci gādon da ba naku ba.

Mai Kishin Harshe: Kuma wani sashe ya ce kaza, wani ya ce kaza, kowa na ganin Hausarsa ce ta asali.

Mai Fassara: Malamai don Allah, sha biyu ta wuce, kuma ban ga an dawo kaina ba.

Ɗalibar Jarida: Yaya, ga dabara. Takardarki tana cakuɗa abu uku da hukumomin suke ware wa kuɗi daban. Akwai tallafa wa kafafen yaɗa labarai su tsaya da ƙafarsu, horar da 'yan jarida da gyaran dokoki, irin abin da sanarwar Windhoek ta 1991 kan 'yancin jarida ta nema. Akwai saƙonnin sauya ɗabi'a, kamar na rigakafi, wannan faɗakarwa ce, kada ki ji kunyar kalmar. Na ukun ne kawai naki, inda ake tambayar mutane kafin a tsara musu aiki. Ki duba, ƙila rabin wuraren ba ma shi ake nufi ba.

Mai Fassara: Na duba, wallahi haka ne. Wurare da dama faɗakarwa suke nufi, sun dai lulluɓe ta da babban suna. Ga abin da zan yi: karon farko in ce "sadarwa don ci gaba, wato tsara ayyukan raya ƙasa tare da jin ta bakin jama'a", daga nan in riƙa cewa sadarwa don ci gaba. Malam ka yafe ni, ba zan iya jarraba sabuwar kalma a kan mai karanta labarai da bai taɓa ganin ta ba.

Malamin Nahawu: Na ji. Kalma goma sha biyar a inda ɗaya ta isa. Ba komai, tunda kin sa "jin ta bakin jama'a" kin rufe ɓarakar, amma ban janye sadayya ba. Kuma wanda ya turo mini "cigaba" a haɗe ta bayan fage ya san kansa.

Na Gefe: Ni ne, Malam. Wannan kuma sai gobe.