Neman shawara: in mayar da ɓangaren burauza zuwa Go, ko in haƙura da JavaScript?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara huɗu ke nan ina rubuta manhajojin sabar (kwamfutar da ke hidimta wa shafi daga nesa) da harshen kwamfuta na Go, kuma hannuna ya faɗa sosai. Yanzu mu uku muke gina manhajar lissafin kaya da za a riƙa buɗewa a burauza. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk ƙa'idar da na rubuta a sabar, kamar ta rangwame da ta tantance abin da mutum ya cike, sai mun sake rubuta ta da JavaScript, harshen da burauza ke ji. Sau biyu ana gyara ɗaya a manta da ɗayar, lissafi ya saɓa. Na ga Go na iya fitar da WebAssembly, wato tsarin da ke ba shirin da aka rubuta da wani harshe damar gudana a burauza, tun sigar 1.11 ta 2018. In mayar da komai Go ne? Wanda ya taɓa gwadawa ya taimaka mini don Allah.

Tsohon hannu: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Na bi wannan hanyar, bari in gaya maka inda na yi tuntuɓe. Farko nauyi. Ko gaisuwa kaɗai ka sa shirin ya rubuta, fayil ɗin zai kai kusan megabait 2, domin Go na tafiya da kayansa gaba ɗaya, har da mai share ƙwaƙwalwa da mai tsara goroutine (ƙananan ayyukan da Go ke tafiyarwa tare). A sabar ba wanda ya damu da wannan. A burauza kuwa, duk wanda ya buɗe shafinka sai ya sauke shi kafin komai ya motsa, ka kuma tuna da mai ƙaramar waya da intanet mai rauni. Matse shi da gzip ko Brotli na ragewa sosai, amma bai kai sauƙin ɗan JavaScript ba.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne WebAssembly ba ya taɓa shafi da kansa. Kana son canza rubutun maɓalli ko ka ji an danna shi, dole ka bi ta syscall/js, kunshin Go mai magana da JavaScript, wato JavaScript ɗin da kake gudu shi ne ɗan aikenka. Kuma a wannan mashigar tsaurin Go ba ya kare ka: ka kuskure sunan aiki, ba za a kama ba sai shirin na gudana. Teburin kaya mai layi dubu da ke sabuntawa kullum, kai-komon nan kaɗai ya isa ya cinye saurin da kake fata.

Mai tambaya: To goroutine fa, Malam? Da su na dogara.

Tsohon hannu: Suna aiki, amma duk a kan zare ɗaya, wato bi da bi, ba a lokaci guda ba. In lissafi ya yi tsawo shafin zai daskare, sai dai ka kai shi cikin Web Worker, wanda ke aiki a bayan fage ba tare da tsayar da shafin ba.

'Yar gwaji: Ƙari a kan bayanin Malam: burauza ba ta barin ka buɗe haɗin TCP (hanyar da shirye-shirye ke magana da juna ta intanet) kai tsaye, don haka direban ma'adanar bayananka ba zai yi aiki a can ba, haka ma karanta fayil yadda ka saba. Kuma duk abin da ka tura burauza mai amfani na iya sauke shi ya bincika. Ko ka raba ƙa'idar rangwamen, sabar ce za ta yanke hukuncin ƙarshe. TinyGo, wani mai harhaɗa shirin Go na daban, na fitar da fayil ƙarami ƙwarai, amma ba kowane kunshi yake ɗauka ba, musamman masu dogaro da reflect (kunshin Go mai duba nau'in bayanai yayin da shiri ke gudana). Ka gwada naka tukuna.

Mai C#: Ni ban yarda a ce abin ba ya yiwuwa ba. Microsoft ta fitar da Blazor WebAssembly, mai ba da damar rubuta ɓangaren burauza da harshen C#, a 2020, kuma ana aiki da shi, musamman a manhajojin cikin ma'aikata inda mutum ke buɗewa sau ɗaya ya wuni a kai. Google ma ta yi makamancinsa, GWT, tun 2006 don masu harshen Java. Bambancin shi ne waɗannan sun zo da kayan gina fuska a shirye. Go bai da irin wannan daga masu shi, kai za ka yi ta haɗa-haɗe. Ka kuma tambayi abokan aikinka biyu, su ma Go ɗin suke so?

Tsohon hannu: Ɗan'uwa, ciwonka maimaita ƙa'ida ne, shi za ka yi wa magani. Ware lissafin rangwame da tantancewa a kunshi guda wanda ba ya taɓa fayil ko intanet. Sabar ta yi amfani da shi, ka kuma fitar da shi WebAssembly da TinyGo, JavaScript ya kira shi ya karɓi amsa. Fuskar ka bar ta inda take. In ma shafukan ba su da motsi da yawa, html/template (kunshin Go mai haɗa shafi) da htmx (ƙaramin kayan aiki mai sabunta sashen shafi daga sabar) sun isa: sabar ta haɗa shafin, ƙa'ida ta zauna wuri ɗaya.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara sani. Na tambayi abokan aikina, ɗaya bai taɓa rubuta Go ba. Zan fara da kunshin rangwamen a TinyGo, in auna nauyinsa a tsohuwar waya, sannan in dawo muku da abin da na gani.