Tayi, Atamfa da Nauyin Zuciya

Batun tayi ne ya fi cin lokaci a zaman da muka yi kan nauyin zuciyar da mutum kan ji game da sayayyarsa. Da yawa sun amsa cewa sukan matsa wa tsohuwa mai daddawa ko yaro mai tallar gyaɗa har sai an rage musu naira hamsin, amma su shiga babban kanti su biya abin da aka rubuta ko uffan ba su ce ba. Daga baya abin ya tsaya musu a rai. Shawarar da aka fi tsayawa a kanta ita ce, kafin ka taya, ka dubi farantin da ke gabanka, ka ƙiyasta ribar da ke cikinsa. Ni wannan ta fi taɓa ni.

Sai atamfa. Yawancin masaƙun Kaduna sun rufe, kayan Sin sun cika Kantin Kwari, wasu kuma suna jin kunyar sayensu. Wata ta tuno da benen Rana Plaza da ya rushe a Bangaladash a 2013, ya hallaka sama da mutum 1,100, galibinsu masu ɗinkin tufafi. Aka ce damuwar tana da tushe, sai dai wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata kada ya ɗora wa kansa laifin duniya. Ya zaɓi abu ɗaya da zai iya riƙewa, ko da tafiya kasuwa da jakarsa ce maimakon karɓar leda.

An kuma yi kashedi da riya: mai sayen turmin gida kada ya riƙa goranta wa maƙwabciyar da gwanjo kaɗai take iya saya wa yaranta.