Ina son 'yan'uwa su ji kiɗan da nake yi da ka, amma ina jin nauyi

Assalamu alaikum. Shawara nake nema. Shekara biyu ke nan da na sayi ƙaramin fiyano na hannu, Casio mai maɓallai 61. Ban iya karanta rubutun kiɗa ba, da kunne na koya. Idan na taso daga shago da daddare sai in zauna in yi ta wasa da shi, duk abin da ya zo wa yatsuna in buga. Wani lokaci yakan yi daɗi har tsigar jikina ta tashi, amma gari na wayewa ya bi iska, ko rabinsa ba na iya maimaitawa. Mu shida ne masu koyo da muke haɗuwa ranar Asabar, kowa yana zuwa da abin da ya haddace tsaf. Nawa kuwa cike yake da tuntuɓe. In jira sai hannuna ya faɗa, ko in fara tura musu a haka?

Wani tsohon mai koyo: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin maganar turawa, ka daina barin kiɗan yana ɓacewa. Duk lokacin da ka zauna, kunna naɗar murya a wayarka tun kafin ka taɓa maɓalli, ka manta da ita. Kada ka saurara a daren. Bari sai da safe, kunne ya huta. A cikin minti 20 za ka tarar da wani wuri, wataƙila bai kai minti ɗaya ba, da yake da rai. Shi za ka yanko ka tura. Mutane ba sa gajiya da daƙiƙa 40, amma ko masoyinka zai sha wuya da minti 20.

Kuma abin da kake yi ba ƙaramin abu ba ne a tarihin wannan kayan kiɗa. Lokacin da Beethoven, shahararren makaɗin fiyano Bajamushe, ya koma birnin Biyana na ƙasar Austria a 1792, da kiɗan da yake ƙirƙira nan take ya fara yin suna a gidajen manyan gari, kafin a san shi da manyan ayyukan da ya rubuta.

Wata malamar makaranta: Malam, maganin tuntuɓen nan yana gabanka. Ka dubi baƙaƙen maɓallai, suna jere bibbiyu da uku-uku. Sautuka biyar ne kacal suke maimaituwa, kuma babu biyun da suke manne da juna har su yi karo mai zafi a kunne. Shi ya sa duk yadda ka bi su, da wuya ka ji abin ya yi tsami. Waƙoƙinmu na gargajiya da yawa a kan irin wannan ma'auni mai sauti biyar suke tafiya, saboda haka kunnenka ya riga ya san hanyar tun daga goyo.

Ga yadda nake yi. Da hannun hagu ina danna na farkon 'yan ukun nan tare da na farkon 'yan biyun da ke gaba da su, in riƙa maimaitawa a hankali kamar mai riƙe ganga. Hannun dama kuma ya yi yawonsa a kan baƙaƙe kaɗai. Idan ka saba, ka dawo fararen maɓallan da ake kira C, D, E, G da A, ka ƙyale F da B tukuna. Wata guda na yi a haka kafin na yarda wani ya ji ni.

Wani mai aiki a situdiyo: Ni ban goyi bayan a tura komai a haka ba. Kuskuren maɓalli ana yafe shi, amma idan bugun yana gudu yana tsayawa, mai sauraro ba zai iya ko kaɗa kai ba. Yawancin irin fiyanonka suna da metironom a ciki, wato abin da ke ƙirga maka bugu daidai. Sa shi a bugu 70 a minti, ka yi mako biyu da shi. Sannan kada ka ɗora waya a kan sifika, sautin zai fashe. Ajiye ta a gefe kamar taku biyu, ka kashe fanka. Wajen turawa a WhatsApp kada ka danna na saƙon murya, yana matse sauti. Tura shi a matsayin fayil.

Malamar makarantar: Maganar bugu gaskiya ce, Yaya. Sai dai kada ya mayar da mako biyun nan shekara biyu. Na san masu jiran ƙwarewa da har fiyanonsu ya yi ƙura a kan durowa.

Wata 'yar'uwa: Abin da ya cire mana kunya a tsakaninmu shi ne wasan amshi. Ɗaya ya buga ɗan gajeren abu ya turo, na biyu ya amsa masa da nasa, kamar mawaƙi da 'yan amshi. Da yake kowa sai ya buga, babu mai zama alƙali. Kuma idan za ka tura, kada ka ce "ya kuka ji?", don "ya yi kyau" kawai za ka samu. Ka tambayi abu guda: a ina hankalinku ya fara barin kiɗan? Wane wuri kuke so in maimaita?

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Jiya na gwada baƙaƙen maɓallan, metironom a 70, waya a kan kujera. Da safe na sami daƙiƙa 50 da nake so, na tura wa mutum biyu cikin shidan. Ɗaya ya ce hannun haguna yana danne na dama, kuma da na sake saurara na ji hakan. Ɗayan bai ce komai ba, sai ga amshinsa ya turo da jita. Anti, ranar Asabar zan kai musu maganar wasan amshin nan.