Ɗalibai na karanta takardar bincike, amma gaban mara lafiya baki ya mutu

Ɗan Maiurno:
Assalamu alaikum, malamai. Tambayata kan ɗaliban likitanci 'yan aji biyar ne a Wad Madani, Sudan. In aka ba su takardar bincike, taƙaitawar da ke sama kawai suke karantawa. Da sun ga p (lambar da ake duba ko sakamakon dace ne kawai) ta gaza 0.05, shi ke nan, magani ya yi. In kuma mara lafiya ya ce "Dakta, ni me zai yi mini?", sai kame-kame. Awa ɗaya ce nake da ita da su a mako. Yaya za a tsara ta?

Baba Farfesa:
Wa alaikumus salam, ɗana. Rufe taƙaitawar da farar takarda, ka ba su jadawalin sakamako da biro.

Fara da binciken AQUAMAT na 2010, wanda ya gwada allurar kwinin da ta atesunet, tunda zazzaɓin cizon sauro ba baƙo ba ne a Jazira, jihar da Wad Madani take. Yara 5,425 masu zazzaɓi mai tsanani a ƙasashen Afirka tara, aka raba su gida biyu ta ƙuri'a. A ɓangaren kwinin kashi 10.9 cikin ɗari suka rasu, a na atesunet kashi 8.5. Su cire wannan daga wancan: 2.4. Su raba 2.4 da 10.9: mutuwa ta ragu da kusan kashi 22. Su raba 100 da 2.4: sai an yi wa yara kamar 42 atesunet maimakon kwinin kafin a tsirar da rai guda ƙari. Duk lissafi ɗaya ne, amma 22 ta fi 2.4 daɗin ji, shi ya sa masu tallar magani ita suke ɗauka. Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne su ce "yara 22 cikin ɗari sun tsira". A'a. Cikin dubu, 109 ne suka koma 85.

Ƙarshe ka tambaye su: akwai Sudan a ƙasashen nan tara? Babu. To su kawo hujjar da ta sa sakamakon ya shafi yaranmu.

Likitar Zuciya:
Baba ya gama da lissafi. Ni abin da zan ƙara, kafin lambobi su duba me aka auna. Ba su binciken CAST na 1989 a Amurka: magungunan encainide da flecainide sun daidaita bugun zuciya a takardar gwaji ga waɗanda jijiyar zuciyarsu ta taɓa toshewa, amma waɗanda suka sha su sun fi mutuwa fiye da masu shan ƙwayar da ba magani a cikinta, har aka dakatar da ba da su. Gwaji ya yi kyau, mutum ya tafi.

Sai su ƙirga mutum nawa suka shiga, nawa aka samu a ƙarshe. In waɗanda suka ɓace sun fi bambancin da ake taƙama da shi yawa, a yi hattara. Ita kuwa p, ba ta faɗin girman amfani. Iyakoki biyun nan da ake rubutawa kusa da sakamako su za a duba: in ɗaya ta ce amfani, ɗayar ta ce cutarwa, magana ba ta ƙare ba.

Hajiya Dakta:
Baba, a gafarce ni, AQUAMAT na allo ne. Yaron da ya suma ba a tsayawa shawara, allura ake yi. Don koyon magana, a ɗauki maganin da mutum zai sha shekaru, kamar simvastatin, maganin rage kitse a jini, a binciken 4S na 1994, mutum 4,444 masu ciwon jijiyoyin zuciya.

Ɗalibi ya zuba ƙwayar wake ɗari a faranti. "Baba, mutum ɗari irinka, cikin shekara biyar da 'yan watanni, in ba magani kamar 12 za su rasu." Ya ware 12. "Da magani, kamar 8." Ya mayar da huɗu. Ya kuma faɗi ɗaya gefen: 88 suna raye ko ba magani, 92 da shi. Kada ya ce "ɗaya cikin goma" yanzu, anjima "ɗaya cikin hamsin". Wasu hamsin za su ɗauka ta fi haɗari. Ɗari ɗin nan a tsaya a kanta. Kuma lambobin na wanda ya riga ya kamu ne, ba a ɗora su kan mai lafiya.

Dattijonmu zai ce "to, Dakta" don kunya, musamman in da Larabci aka yi bayanin shi kuwa Hausa ta fi zama masa a kunne. Don haka ɗalibi ya ce, "In ka koma gida, me za ka gaya wa iyali?" Amsar ita za ka ba maki. Kada a sa ƙaramin yaro tafinta.

Ɗan Maiurno:
Na gode, malamai. Ke nan minti 20 jadawali, 15 tambayoyin Likitar Zuciya, sauran faranti, biyu-biyu, ɗaya likita ɗaya mara lafiya. Hajiya, illar magani fa, a faranti guda za a nuna?

Hajiya Dakta:
Faranti na biyu, ƙanena, shi ma wake ɗari. In ka haɗa su, sai ya zaci waɗanda illa ta sama su ne waɗanda suka rasu.